Miyar Naman Italiya a Cikin Burodi: Magana da Mazauna Makka

Yau zancen girki za mu yi, kuma maganar tamu da 'yan uwanmu Hausawa mazauna Makka ce, na Shara Mansur da Jarwal da Misfala da Hindawiyya, da ɗalibanmu na Jami'ar Ummul Ƙura, da ma'aikatan da ke fita tun asuba ba su dawo ba sai dare ya yi. Abincin da za mu duba shi ne miyar nama da tumatir irin ta mutanen Italiya, wadda ake dafawa a tukunyar lantarki mai dafuwa a hankali, a zuba ta cikin burodi a yi abin da a nan ake kira sandawish. Ra'ayina a kai shi ne, wannan girki ya dace da zaman Makka fiye da yadda mutane suke zato, amma fa da sharaɗi: tukunyar za ta ɗauke miki tsayuwar awa shida ko takwas a gaban murhu, uwargida, idan kin yarda kin ba ta rabin awar farko da hannunki, kika kuma kiyaye dokar zafi. Wanda ya tsallake waɗannan biyu, ko dai ya ci salam, ko ya kwana a asibiti.

Mu fara da tambayar me ya yi ƙaranci a gidan Bahaushen Makka. Nama dai bai yi wuya ba. Kasuwar Ka'akiyya cike take da raguna, na gida irin su Harri da Najdi, da Sawakini da ake kawowa daga Sudan, da Barbari daga Somaliya, ga naman raƙumi, ga daskararren naman shanu a kowane babban kanti. Bayan aikin Hajji kuwa sai abin ya ƙaru, domin a 1983 aka damƙa wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda kula da naman hadaya, ana yankawa a mayankar Mu'aisim kusa da Mina, a raba wa mabuƙatan Harami, a tura saura ƙasashe. Abin da ya yi ƙaranci shi ne lokaci da sanyi. Garin da zafinsa ke wuce digiri 40 watanni a jere, garin da a Hajjin 2024 aka auna digiri 51.8 a Masallacin Harami, tsayuwa a ɗan ƙaramin kicin na gidan haya, wuta na ci, tururi na tashi, azaba ce. Ga kuma abin da ya fi wannan ciwo. Mutane suna sayar da gona da shanu don su samu 'yan kwanaki a masallacin da sallarsa ɗaya ta fi dubu ɗari a waninsa, amma za ka tarar da matar da ta shekara ashirin a Makka, tafiyar minti ashirin tsakaninta da Ka'aba, Ramadan ya shigo ya fita tana gaban tukunya daga La'asar har a sha ruwa, sannan wanke-wanke ya cinye mata tarawihi. Duk wata dabarar da za ta mayar mata da waɗannan awanni ta cancanci a saurare ta.

Dabarar kuma ba baƙuwa ba ce. Duk wanda ya taɓa fita sayen ful da tamis da safe ya ga tulun ƙarfen nan mai ƙaton ciki da siririn wuya, a karkace a kan 'yar wuta. Waken da ke cikinsa ya kwana yana nuna. Mandi ma rami ake rufe shi a ciki na awanni. A gida kuwa, kai da ƙafar ragon layya a kan garwashi suke kwana kafin su zama langaɓu. Tukunyar lantarkin nan ita ma daga irin wannan al'ada ta fito. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya samu takardar mallakar ƙirarta a 1940, kuma abin da ya sa shi tunaninta shi ne labarin da mahaifiyarsa ta ba shi na wani abincin Yahudawan Lituwaniya, wanda suke kaiwa tandun gidan burodi ranar Juma'a da yamma ya kwana cikin ragowar zafi, saboda ba sa hura wuta ranar Asabar. Kamfanin Rival ya sayi ƙirar, ya fitar da ita da sunan Crock-Pot a 1971, daidai lokacin da matan Amurka ke tururuwar fita aiki, sai ta samu kasuwa. Ƙirarta ba wani abin mamaki: kaskon tangaran mai kauri, murfin gilashi, da waya mai ɗaukar zafi a kewaye. Ba ta wuce zafin tafasar ruwa. Kada a rikita ta da tukunyar matsi mai huci, wadda ke nunar da nama cikin minti arba'in. Wannan akasinta ce.

Me ya sa jinkirin yake gyara nama? A jikin dabba, wuraren da suka fi aiki, wuya da kafaɗa da ƙirji da ƙwauri, cike suke da jijiya da tantani. Idan aka ba su wuta mai ƙarfi na ɗan lokaci sai su ƙanƙance su yi tauri, ka yi ta tauna har muƙamuƙi ya gaji. Idan kuwa aka riƙe su cikin ruwa mai zafin da ya haura digiri 70 na awanni, jijiyar sai ta narke ta koma wani abu mai danƙo, shi ne wanda ke sa farfesun ƙafar saniya ya daskare idan ya huce. Wannan danƙon shi ke ba miya kauri da santsi, shi ke sa ta zauna a cikin burodi ba ta zubo wa mutum a riga ba. Ma'anar wannan ga aljihu a fili take. Naman da mahauci ke sayarwa da rangwame, naman tsohon raƙumi, naman hadayar da ya zo gauraye ba a zaɓa ba, su ne suka fi dacewa da wannan tukunya. Zallar tsoka marar kitse, wadda ta fi tsada, ita ce ke bushewa ta yi gari-gari idan ta daɗe a ciki. Saboda haka idan za a niƙa naman, a ce wa mahauci ya yi niƙan mai gwaɓi, sau ɗaya, da ɗan kitsensa. In an so ma a bar shi manyan yanka, bayan ya nuna a dagargaza shi da cokali mai yatsu.

Na san abin da zai fara zuwa zuciyar wasu malamanmu da iyayenmu: abincin Turawa ne, kuma an ce da giya da naman alade ake yinsa. Maganar tana da tushe, kada a raina ta. Miyar da ake kira ragu ta garin Bolonya, wadda aka yi wa rajista a hukumar 'yan kasuwar garin ranar 17 ga Oktoba, 1982, tana ɗauke da naman sa, da kitsen cikin alade, da albasa da karas da seleri, da tumatir, da ruwan inabi mai sa maye. Kuma masu cewa ai giyar tana tashi da tururi ba su faɗi gaskiya duka ba, domin awon da masana abinci suka yi a Amurka ya nuna ko bayan awa biyu da rabi ana dahuwa, kusan kashi 5 cikin ɗari na barasar yana nan, balle a tukunyar da murfinta ke rufe. Ga Musulmi zancen ya ƙare tun kafin a kai ga awo. Amma sai mu tambaya, wane aiki waɗannan biyu suke yi a miyar? Aladen kitse yake bayarwa, giyar kuma ɗan tsami. Kitse kuwa, wutsiyar ragon ƙasar nan, wadda mahauta ke kira liyya, ta wadatar, ɗan yanki kaɗan a narka ya isa. Tsami kuma cokali ɗaya na khal, ko ruwan tsamiya, a cikin rabin kofin romon nama. Su kansu Italiyawan ba su tsaya a kan tsari ɗaya ba. Tumatir daga nahiyar Amurka ya je musu a ƙarni na 16, kuma sai a 1692 aka fara ganin miyarsa a littafin girki a Nafoli. Girkin Bolonya da Pellegrino Artusi ya rubuta a littafinsa na 1891 babu tumatir a cikinsa ko ƙwaya. Mutanen Bolonya da taliya mai faɗi suke cin miyar, mutanen Nafoli sukan ƙwaƙule gindin burodi su ɗura ta, jikokinsu da suka yi ƙaura zuwa Amurka kuma suka mayar da ita cikin dogon burodi da cuku. Abincin da ya sauya kama sau da yawa haka ba zai lalace don an musanya masa kitse ba. Makka ma ai ta saba da wannan: shinkafar bukhari daga tsakiyar Asiya, burodin tamis daga Afganistan, da tsiren kakanninmu da Larabawan Hijaz suke layin saye da sunan sirye.

To ga yadda ake yi, kuma a nan ne rabin awar da na ambata take. A samu nama kilo ɗaya. A ɗora kasko mai faɗi a kan wuta sosai, a narka kitsen wutsiya ko a zuba man zaitun cokali biyu, a zuba rabin naman a baje shi, a ƙyale shi. Da farko zai fitar da ruwa ya yi fari-fari yana tafasa. Kada a kwashe a nan. A jira ruwan ya ƙone, ƙarar kaskon ta sauya daga ɓararraka zuwa ƙauri-ƙaurin suya, gefen naman ya yi ja ya fara kama ƙasan kasko. Sannan a kwashe a soya ɗaya rabin. Dalilin wannan wahala shi ne, ƙamshin suya ba ya samuwa sai zafi ya kai wajen digiri 140, tukunyar lantarki kuwa ba ta wuce 100. Abin da ba a soya a kasko ba, ko kwana zai yi a cikinta ba zai yi wannan ƙamshi ba. A cikin man da ya rage a soya albasa manya biyu da karas biyu da sandar seleri biyu, wanda a kasuwa ake ce wa karafs, duk a yanka ƙanana, har su yi laushi. A sa tafarnuwa ƙwaya biyar, a sa tumatirin leda ko na gwangwani mai kauri cokali uku a soya shi har ya yi duhu. Sai a zuba romon nan mai ɗan tsami, a kankare duk abin da ya kama a ƙasan kaskon, domin daɗin yana wurin. A juye komai cikin tukunyar, a ƙara markaɗaɗɗen tumatir kamar giram 800, da gishiri da masoro da ganyen da masu kayan ƙamshi ke kira waraƙal gar, da busasshen origano. Mai son yaji ya jefa attaruhu ɗaya ko biyu, ba wanda zai kai shi ƙara Bolonya. A rufe, a sa ta a ƙaramin zafi awa shida zuwa takwas, ko a babba awa uku zuwa huɗu. Ɗoɗɗoya sai an zo saukewa.

Kuskuren da hannun da ya saba da murhu zai yi shi ne ƙara ruwa. A tukunyar gida ruwa yana ƙonewa, don haka muka saba tsaida shi da yawa. A wannan kuwa tururin yana taruwa a murfi ya koma ciki, ga tumatir da albasa suna sakin nasu. Rabin kofin nan ya isa. Idan an buɗe aka ga ta yi ruwa, a ɗaga murfin a bar ta a babban zafi na rabin awa. Leƙe ma a rage shi, kowace buɗewa tana mayar da dahuwar baya da kusan minti ashirin. Burodin da ya dace shi ne samuli, a tsaga shi a gasa cikinsa a kasko har ya ɗan bushe, a shimfiɗa cuku tukuna sannan a zuba miyar da zafinta, cukun zai narke ya tare ruwan kada burodin ya jiƙe. Kilo ɗaya zai cika samuli goma zuwa sha biyu.

Sai tambayar maigida, wadda ba ta wuce kuɗin wuta da tsoron gobara. Irin waɗannan tukwane matsakaita suna jan kamar wat 200. A awa takwas ke nan kilowat-awa 1.6, kuma farashin wutar gidaje a Saudiyya tun 2018 halala 18 ne kowane kilowat-awa ga masu matsakaicin amfani. Ko an haɗa da haraji, girkin yini guda bai wuce sulusin riyal ba, ga shi ba ta dumama gida balle na'urar sanyaya ɗaki ta yi aiki biyu. Tsoron barin ta a kunne a fita kuwa, tsoro ne mai kyau, a riƙe shi. An ƙera ta ne don a bar ta, amma an ƙera ta don soket mai lafiya a bango, a kan dandamalin da ba ya cin wuta, nesa da labule, inda yaro ba zai jawo wayar ba. Tsofaffin gidajen unguwanninmu, inda za ka ga soket ɗaya an jona masa firji da injin wanki da dutsen guga, sai an gyara wannan tukuna. A kuma duba ƙarfin wutar: ƙasar ta koma kan bolt 230, amma har yanzu akwai tsofaffin gine-gine masu soket na 127, kuma tukunyar da aka sayo daga Amurka ta 120 ce, idan aka jona ta a 230 ƙonewa za ta yi.

Haɗarin da ya fi gobara kusa shi ne wanda ba a gani. Ƙwayoyin cutar da ke lalata abinci suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a ɗaki, hukumomin abinci na Amurka kuma suka ce idan zafin wurin ya haura digiri 32, awa ɗaya ce. A Makka wannan shi ne yanayin yawancin shekara. Tukunyar nan a hankali take ɗaukar zafi, don haka wanda ya ciro daskararren naman hadaya daga firiza ya jefa kai tsaye, naman zai ɗauki awanni yana ɗumi-ɗumi a daidai zafin da ƙwayoyin ke so. A narkar da shi a cikin firji tun daren jiya, kada a bar shi a kan tebur. Niƙaƙƙen nama ya fi buƙatar kula, saboda injin niƙa yana cusa abin da ke bayan naman zuwa cikinsa, sai ya kai digiri 71 har tsakiya. Kun ga suyar farko ta sake yin rana. Kada a cika tukunyar fiye da kashi biyu cikin uku. Idan aka dawo aka tarar wuta ta ɗauke, ba a san tun yaushe ba, miyar ta tashi daga abinci ko da ƙamshinta bai sauya ba, domin wasu ƙwayoyin suna barin dafin da sake tafasawa ba ya kashewa. Ragowa a raba ta a ƙananan robobi marasa zurfi a sa a firji, a cinye cikin kwana uku zuwa huɗu ko a daskarar, kuma ɗumame a kan wuta ake yinsa har ya tafasa, ba a tukunyar lantarkin ba. Mai son ƙara jan wake don miyar ta yi auki, ya jiƙa shi ya tafasa shi tafasa mai ƙarfi na aƙalla minti goma a murhu kafin ya zuba, domin ɗanyensa yana da guba da ƙaramin zafi ba ya karyawa.

Wani zai ce burodi ai ba abinci ba ne, Bahaushe sai da tuwo. To ba wanda ya ce a daina tuwo, kuma miyar nan da kanta tana tafiya da shinkafa ko taliya ko dankali. Amfanin burodin shi ne, mutanen da suka dawo daga tahajjud ƙarfe uku na dare a goman ƙarshe, ko yaran da suka taso daga makaranta iyaye ba su dawo ba, za su ci abu mai zafi cikin minti biyar ba tare da an kunna murhu ko an tara kwanuka ba. Idan aka kwatanta da soyayyar kaza da lemon kwalba da yaranmu suka mayar abincin kullum, nama da tumatir da karas da aka san hannun da ya dafa su sun fi.

Alhazai da masu Umara da ke saurarenmu, ku yi haƙuri, wannan girki ba naku ba ne a masauki. Otal-otal suna hana girki a ɗaki, a Mina da Arfa kuma an haramta shiga da tukunyar gas, kuma dokar da jini aka rubuta ta: gobarar Mina ta watan Afrilun 1997 ta kashe mutum fiye da 340, bayanta ne aka kafa tantunan nan da ba sa cin wuta. Wanda yake son sayen tukunyar ya kai tsaraba, ƙarfin wutar Saudiyya da na Najeriya da Nijar kusan ɗaya ne, za ta yi aiki, amma ya tambayi kansa ko unguwarsu tana samun wuta awa takwas ba yankewa, ko yana da na'urar hasken rana da za ta riƙe ta. In babu, garwashi da tukunyar ƙasa mai murfi sun fi masa aminci.

Ku kuwa mazauna, Hajiya da Alhaji, ku gwada ranar da kuke gida tukuna, ku ga yadda tukunyarku take da soket ɗinku, kafin ku bar ta ku tafi Harami. Ku soya naman, ku rage ruwa, kada daskararre ya shiga, kada dafaffe ya kwana a waje. Maigida kuma, yankan albasa da suyar rabin awa ba su fi ƙarfinka ba, ka karɓi wannan ranar Juma'a ka bar uwargida ta riga ka samun sahu.